TikTok ko tallar kuɗi a Facebook da Instagram: wanne ya fi wa mai sayar da sutura?

Hajiya, kin ce kina saro atamfa, leshi da abaya daga Kantin Kwari, jarin kuma bai taka kara ya karya ba. Tambayarki ita ce ki dage da bidiyo a TikTok, ko ki biya Facebook da Instagram su tallata miki.

TikTok wurin tara idanu ne. Bidiyonki zai iya isa ga wadda ba ta taɓa bin shafinki ba, ba ki biya ko kwabo ba. Kuma kaya suna son motsi. Abaya a rataye ba ta cewa komai, amma a sa ta a taka, a ga yadda take zuba a jiki, nan take mai kallo za ta fara lissafi. Matsalar ita ce ba ke ke zaɓen mai kallo ba. Sai yabo ya cika shafi, "masha Allah" ta ko'ina, alhali yawancinsu suna garuruwan da kuɗin aike zai cinye ribarki.

Facebook da Instagram duka na kamfanin Meta ne, da WhatsApp ma, kuma a nan ƙarfinsu yake. Ke za ki ce mata kawai, masu shekara kaza zuwa kaza, mazauna Kano ko Kaduna, sannan ki sa maɓallin da zai kawo mai saye kai tsaye WhatsApp ɗinki, inda ake gama ciniki. Sai dai ki san lissafin: tun Janairun 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 a kan tallar Meta a Najeriya, kuma idan kika biya ta manhajar iPhone akwai ƙarin kashi 30 na Apple. Ki biya ta shafin Meta na intanet ki tsira daga ƙarin na Apple.

Ni dai shawarata, ki fara sa bidiyon a TikTok kyauta. Wanda kika ga an fi tambayar kuɗinsa, shi za ki biya wa talla a Meta. Kada ki zuba kuɗi a kan bidiyon da ba ki gwada ba.

A ko'ina kika sa, ki ɗauka a bakin ƙofa da hasken safe, don ƙwan shago yana canza kalar leshi, kuma nan rigimar "ba shi na gani ba" take farawa. Ki kama yadin da hannu ki murza a gaban kyamara, ki rubuta farashi ƙarara. "A zo ciki a ji kuɗi", wato a turo saƙo kafin a ji farashi, yana korar mai kunya, ga shi masu kunyar nan su ne masu saye.

Batun Sallah kuma, tallar atamfa da leshi ki fara ta tun kafin azumi, domin teloli kan daina karɓar ɗinki da wuri. Abaya da ɗinkakkun kaya su ne na goman ƙarshe.