Sharhi kan zuwana asibiti a Katsina saboda ruwan da ke fita daga kan nono

Shekarata 38, ina zaune a Ƙofar Marusa, kuma shekara uku ke nan da na yaye autana. Saboda haka da na fara ganin tabon ruwa a rigar nonona ta ɓangaren hagu, na san ba ragowar shayarwa ba ne. Ruwan garai-garai yake, wani lokaci ya ɗan yi ja kamar ruwan wankin nama, kuma da kansa yake fitowa ba tare da na matsa ba. Babu zafi, babu ƙullutu. Wata biyu na yi ina ɓoyewa don kunya da tsoron kada a ce daji ne, har ranar da yayata ta ga tabon a wanki ta ce, "Wallahi gobe da ni za ki je asibiti."

Wani asibitin gwamnati muka je a cikin gari. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne wurin yankar kati, inda aka tambaye ni abin da ya kawo ni da murya sama, ga maza a layi a bayana. Macen da kunya ta riga ta hana ta zuwa tun farko, wannan kaɗai ya isa ya mayar da ita gida. Mun isa da ƙarfe bakwai, ba mu ga likita ba sai bayan azahar.

Amma da na shiga ɗakin likitar, wadda mace ce, sai hankalina ya kwanta. Ta ja labule, ta ce, "Hajiya, ki saki jikinki," sannan ta bi ni da tambayoyi dalla-dalla: nono ɗaya ne ko biyu, ta ƙofa ɗaya ruwan ke fita ko da yawa, wane launi ne, yaya al'adata, waɗanne magunguna nake sha. Ta bayyana mini cewa ruwa mai kama da madara daga nono biyu galibi yana da nasaba da sinadarin furolaktin, wanda wani ɗan ƙaramin sashe a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke samarwa, ko matsalar maƙoƙo, ko wasu magunguna irin na amai da na taɓin hankali. Irin nawa kuwa, mai fita da kansa daga nono ɗaya, ta ƙofa ɗaya, da alamar jini, shi ne wanda ba a yi masa jinkiri, duk da cewa mafi yawansa ba sankara ba ne. Ta hana ni matsawa don dubawa, domin matsar tana ƙara jawo ruwan, alhali ni kullum sai na matsa bayan wanka.

An yi mini gwajin ciki da na jini, aka ba ni rana ta sikanin bayan mako biyu. Makon biyun nan sun yi mini tsawo ƙwarai, kuma mai sikanin ya miƙo mini takarda da Turanci bai ce komai ba. Na ga mata a wurin suna naɗe tasu su tafi, wata ma ta ce mini tunda ba a ce mata akwai matsala ba, ba za ta koma ba. Ni na koma, kuma a komawar ne likitar ta nuna mini ɗan tsiro a cikin jijiyar da ruwan nono ke bi, wanda ta kira fafiloma. An cire jijiyar da ƙaramar tiyata, aka kai naman ɗakin gwaji, sakamako ya fito babu sankara, alhamdu lillahi.

Ina yaba aikin likitar da malaman jinya ba tare da wani ƙwange ba, ina kuma roƙon a keɓe wa mata wurin faɗin damuwarsu, a riƙa gaya wa kowa a bakin ɗakin sikanin cewa dole ta mayar wa likita takardarta. Ruwan ya tsaya tun bayan aikin, kuma an rubuta mini ranar komawa bayan wata shida a bayan katina.