Wasiƙa daga Istanbul: a duba tasha kafin a kama ɗaki

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya ƙarfin jikin Hajiya. A gaishe min da Anti da yara, da mutanen layinku na Kwari.

Na ga hotunan otal-otal ɗin da ka turo, kuma gaskiya ban natsu da ko ɗaya ba. Ɗakunan ba su da laifi, matsalar inda suke ce. Zuwanka na baya duk na sari ne: ka sauka a Laleli, ka kwana a saman shago, ka haɗa kaya ka miƙa wa 'yan kago, ka kama hanya. Wannan karon da tsohuwa za ka zo, da mace da yara, kuma gari kuka zo gani. Lissafin ya canza.

A Kano idan za ka kama wa baƙo masauki, ka san tambayoyin da kake yi. Akwai wuta? Ƙarfe nawa ake kashe janareta? Famfo yana zuwa, ko sai an kawo ruwa a bokiti? A nan idan ka yi wa mai otal waɗannan tambayoyi kallon mamaki zai yi maka, domin ƙaramin masauki ma yana da wuta dare da rana, da ruwan zafi, da abin ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Abin da ba za su faɗa maka ba sai ka matsa shi ne nisan ƙofarsu da tashar jirgi, da ko hanyar hawa ce ko shimfiɗa, da ko ginin yana da lifta.

Tsohon birnin ruwa ne ya kewaye shi ta gefe uku, kuma a kan tuddai aka gina shi. A doron tuddan akwai babban titi ɗaya da ya ratsa tsakiya, a kansa tiram yake bi, wato jirgin ƙasan da yake tafiya a tsakiyar titi. Layin T1 ke nan, daga Bagcilar zuwa Kabatas. Ka riƙe jerin tashoshin nan: Aksaray, Laleli, Beyazit, Cemberlitas, Sultanahmet, Gulhane, Sirkeci, Eminonu. Kusan duk abin da ya kawo ku yana jere a kansu. A Beyazit babbar kasuwar rufi take. A Sultanahmet za ku ga Aya Sofya, wanda aka gama gina shi a 537 a matsayin coci, ya koma masallaci bayan Sarki Muhammadu Fatih ya ci garin a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, sannan aka dawo da salla a cikinsa a 2020. Yana fuskantar masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya shida. A bayan Aya Sofya kuma fadar Topkapi ce, inda aka ajiye kayan Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba ƙaƙƙautawa. Na san nan Hajiya za ta fi son zuwa. Daga Laleli da ka sani zuwa wurin tasha uku ce kacal.

To ga inda ake cin baƙi. Otal biyu daga cikin waɗanda ka turo sun rubuta Sultanahmet a adireshinsu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma suna can ƙasan masallacin ne, a gangaren da ya nufi teku. A taswirar waya za ka ga tafiyar minti bakwai ko takwas. Taswira ba ta nuna tudu. Lungunan an daɓe su da ƙananan duwatsu ne, tayar akwati tana maƙalewa a tsakaninsu, idan an yi ruwa kuma santsi suke yi. Da safe ku hau, da azahar ku gangaro hutawa, da la'asar ku sake hawa: ka ɗauka an ce Hajiya ta riƙa hawa Dala sau biyu a rana. Yawancin masaukan wajen tsofaffin gidajen zama ne aka gyara, masu ƙunƙuntar matattakala, wurin karin kumallo kuma a can saman rufi saboda a hango teku. Hoton da aka ɗauka daga rufin shi ne ya ja hankalinka, na sani. Ɗakin kansa kuwa, wani sai ka ɗora akwati a kan gado kafin sallaya ta shimfiɗu. Ta fuskar faɗin ɗaki otal ɗinmu na Nassarawa da Bompai sun fi su nesa ba kusa ba, nan ƙasa tsada gare ta, taku ɗaya ma kuɗi ne.

Ni shawarata Sirkeci ko Gulhane. Wajen shimfiɗe yake, tiram yana bakin ƙofa, tashar jiragen ruwa ta Eminonu tafiyar ƙafa ce, ga gidajen abinci ko'ina. Idan kuɗin wajen ya yi yawa, a nemi tsakanin Beyazit da Laleli, amma kada ya wuce layi ɗaya ko biyu daga babban titi, domin da ka ƙara gaba ta kudu ka fara gangarawa Kumkapi. Laleli ka san halinta: da rana ƙarar amalanken 'yan dako da ƙarar salatif ɗin ɗaure kaya, da dare kuma shaguna su rufe, wasu lungunan su koma irin waɗanda ba ka so iyali su bi. Aksaray akwai 'yan uwa baƙaƙen fata da abincin da ya yi kusa da namu, amma 'yan sanda suna yawan tsayar da baƙi su duba takardu, don haka fasfo ya zauna a jiki. Taksim kada ma ka fara. 'Yan yawon buɗe ido suna son ta, amma unguwar kiɗa ce da mashaya har tsakar dare, kuma kullum sai kun sauko ƙasa kun tsallaka ruwa kafin ku isa inda kuke so.

Idan gida sukutum kake tunanin kamawa saboda a riƙa girki, ka tabbatar yana da lasisin gwamnati. Tun farkon 2024 doka ta hana ba da hayar gida ta 'yan kwanaki ba tare da izini ba.

Sai zirga-zirga. Kati ɗaya ne, Istanbulkart, ana saye a injin da yake bakin tasha, a zuba masa kuɗi a nan take. Da shi za ka shiga tiram, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bas, da jirgin ruwa. Ba ciniki, ba "babu canji", ba kwandasta. Ka ɗora kati, ƙarfe ya juya, ka wuce. Abin da ya fi burge ni har yau shi ne mutum zai iya cewa zan iso nan da minti ashirin, ya kuma iso, domin tiram ba ruwansa da gosulo. Kada dai ku shiga da sassafe ko bayan la'asar idan ma'aikata sun tashi, matsi ake yi na gaske, kuma masu yankan aljihu sun san layin baƙi yake ɗauka. Waya da walat su koma aljihun gaba. Matasansu dai suna tashi su ba tsoho kujera, wannan na shaide su.

Amma ba zan raina adaidaita sahu ba. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 ita take riƙe da Kano, kuma tana yin abin da jirgin nan ba zai taɓa yi ba: ta ɗauke ka daga ƙofar gida a Gwammaja ta ajiye ka a bakin rumfarka, da dilarka da komai, idan kuɗinka bai cika ba ku daidaita. A nan ƙafarka ce adaidaitarka. Tsakanin tasha da inda za ka, ba mai ɗaukar ka. Shi ya sa na dage a kan maganar masauki.

Tasi akwai, masu ruwan ɗorawa, da mita. Wasu direbobin mutanen kirki ne. Wasu idan sun ji tafiyar gajeriya ce sai su ƙi, wasu su zagaya da kai, wasu su ce mita ta lalace. Idan dole ce, a kira ta manhajar waya, ko a sa ma'aikacin otal ya kira.

Rana ɗaya ku ware ta don ruwa. Daga Eminonu ku hau jirgin fito zuwa Uskudar, kun bar Turai kun shiga Asiya ke nan cikin kamar minti ashirin, da katin nan dai, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ana sayar da shayi a ciki a 'yan ƙananan kofunan gilashi. Masu tallan yawon teku za su tare ku a bakin tasha da farashin baƙi, ku wuce su. A dawowa ku bi Marmaray, jirgin da aka buɗe a 2013 wanda yake bi ta ƙarƙashin tekun, zai fito da ku a Sirkeci, yara za su sami labarin ba wa 'yan ajinsu. Ziyarar kabarin Abu Ayyubal Ansari kuma, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa a Madina, tiram na T5 daga Eminonu yana kaiwa unguwar Eyupsultan.

Filin jirgi shi ne inda za ku yi kewar gida. Daga Malam Aminu Kano zuwa Sabon Gari kafin ka gama waya ka iso. Sabon filinsu na nan, wanda aka koma cikinsa a 2019, ya fi kilomita 40 daga tsohon gari. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma sai an canza a Gayrettepe, da doguwar tafiya da kaya. Bas ɗin Havaist yana zuwa Aksaray kai tsaye. Ku kuma dubi tikitinku da kyau, domin akwai fili na biyu, Sabiha Gokcen, a can ɓangaren Asiya.

Wani abu yana yawan zo min a rai idan na ratsa kasuwar rufin nan. An fara gina ta ne a zamanin Fatih, wajen 1460, kusan lokaci ɗaya da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau a 1463 ya kafa Kurmi. Sa'o'in juna ne. Su ma suna da tsofaffin masaukan fatake kewaye da kasuwar, kamar yadda fatomanmu suke saukar da baƙi su ajiye musu kaya su nemo musu mai saye. Bambancin, su baƙonsu har gobe yana kwana a cikin tsohon gari, ya fito da ƙafa ya ga komai, da alluna a kowace kwana. Mu kuwa baƙo yana can Nassarawa, idan yana son ganin Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da Kurmi da Dala sai ya sami ɗan gari mai mota, ko ya yi shatar adaidaita, ya kuma dace da direban da ya san hanya. Badala ma da za a nuna masa, ka fi ni sanin abin da ya rage.

Abinci ba fargabar halal, sai dai salam yake a bakinmu. Karin kumallon otal burodi ne da cuku da zaitun da tumatir da kokwamba da dafaffen ƙwai, kullum shi ke nan, Hajiya ba za ta kira shi abinci ba. Anti ta taho da yaji da garin kunu, a tambayi otal ko akwai butar dafa ruwa a ɗaki. Da rana ku nemi irin gidajen abincin da ake jera tukwane a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka, akwai shinkafa da kaza da miyar wake. Waɗanda suke dab da Aya Sofya masu yaro a ƙofa yana kiran mutane, kuɗin wurin kake biya. Ruwan sha na roba ake saye. Banɗakunansu suna da ɗan famfon tsarki a jikin masai, kuma kowane masallaci yana da wurin alwala da kujerun zama, sai dai ruwan yana yanka hannu a lokacin sanyi. Asuba a jam'i sukan jinkirta ta sai gari ya fara haske, kada ka fita da kiran farko ka tarar da ƙofa a rufe ka zaci an yi an watse.

Wajen tsara kwanaki, Topkapi a rufe take ranar Talata, kasuwar rufi kuma ranar Lahadi. Farashi ban rubuta maka ba da gangan, domin lira ma tana fama da irin ciwon naira, abin da na faɗa yau ba lallai ya kai wata biyu ba. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayye, cajarku mai ƙafa uku ba za ta shiga ba, ka sayi adafta biyu ko uku a Farm Centre kafin ku taso. Ka turo min ranar da biza ta fito, da ranar saukarku, ni kuma ranar Asabar zan taka Sirkeci in shiga otal biyu ko uku da kaina, in hau liftarsu, in ga girman ɗakin, kafin ka tura wa kowa ko sisi.