Sharar sabuwar gona: katafila, injin yanka, ko 'yan jinga?

Duk wanda ya sayi daji ko tsohuwar saura a ƙauye yana son ya mai da ita gona, mutum uku ne za su zo masa da tayi: mai katafila, mai injin yankan itace, da shugaban 'yan jinga masu gatari da diga. Ni dai na ukun nake ba aikina, matuƙar filin bai fi ƙarfin hannu ba.

Dalilina ƙasar sama ce. Albarkar gona tana cikin wannan baƙar ƙasar da ganye ya shekara da shekaru yana ruɓewa a kanta, kuma ba ta da wani kauri. 'Yan jinga sukan sare sabara da kalgo da geza, su haƙe kututture ɗaya bayan ɗaya, su datse saiwa, su cike ramin, ƙasar tana nan inda Allah ya ajiye ta. Za ka iya zagayawa da shugabansu ka shafa fenti a jikin itatuwan da ba a taɓawa: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, balle gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ga taki a gindinsa. Manoman Maradi tun shekarun 1980 suka koma barin tohon itace a gona suna yi masa aski, abin da ake kira sassaben zamani. Aikin hannu yana da jinkiri, shi ya sa ake ba da shi da an gama kaka, tun ƙasa na da sauran laima, kafin matasa su tafi ci-rani.

Mai injin yanka kuwa idonsa na kan gungumen da zai sayar wa masu gawayi, kai ya bar ka da kututturen da zai karya garmar tarakta.

Katafila tana da ranarta, in dajin mai duhu ne kuma hekta ta kai gomiya. Babbar katafila samfurin D7 ko D8 za ta yi a yini abin da mutane za su daɗe suna fama da shi. Sai dai a nan ne cuta ta yi gida. Da yawa daga masu zuwa da hoton katafila a waya ba su da ko ƙusa a cikinta, dillalai ne. Ya karɓi kafin alƙalami, ya ce mota na hanya, shi ke nan sai wayarsa ta daina shiga. Kada ka ba kowa sisi sai ka je ka ga injin a kunne, ka kuma taka gonar da direban ya share a baya. Ka duba tulin da ya tara a gefe. In ƙasa ta fi itace yawa a ciki, to ya nutsa bakin katafilar ya kankare gonar mutane. Haka wani direba ya yi mini, ya bar ni da jar tsakuwa, wannan ɓangaren har yau taki nake zuba masa masara na fitowa a tsumbure.

Kada ka yarda da biyan awa. Injin zai yi ta ruri a wuri ɗaya agogo na tafiya. In kai ne mai sayen gas, sa ɗan'uwanka ya kwana kusa da durom ɗin. Kuɗin tirelar da za ta kawo katafilar ta mayar, a faɗe shi tun farko, don nan ake ɓoye rabin tsadar. A yi ciniki da hekta, kuma a auna a gabanka: mita 100 sau 100, kusan eka biyu da rabi. Akwai masu karɓar kuɗin hekta su share eka.

Su ma 'yan jinga ba duka na Allah ba ne. Wasu sukan sare kututture daidai ƙasa su rufe da yashi, ruwan farko na sauka ya toho. Saboda haka a rubuta yarjejeniya a gaban dagaci, maƙwabta su tsaya a nuna iyaka, a kauce wa burtali, a nemi izinin malaman daji kafin a kayar da manyan itatuwa. Cikon kuɗin kuma ka riƙe shi sai tarakta ta yi huɗar farko.