Ƙirjin agwagwa: miyar lemo ko ta mangwaro?

Suyar dai iri ɗaya ce. A tsattsaga fatar, amma kada wuƙa ta kai ga tsoka, a barbaɗa gishiri, a kifa ta a kasko mai sanyi, ba a zuba mai. Wuta kaɗan-kaɗan minti 12 har kitsen ya narke, a juya minti 3, a sauke ya huta minti 5. In kaskon ya yi zafi tun farko, fata ce za ta ƙone, kitsen na nan danƙare a ƙarƙashinta.

Miyar lemo, wadda Faransawa suka shahara da ita, ta fi yanke maiƙo. Ruwan lemon zaƙi biyu, zuma cokali ɗaya, romo rabin kofi, a tafasa har rabi ya ƙone. Ana iya kankara ɓawon a ciki, amma farin da ke ƙarƙashinsa ɗaci gare shi.

Ta mangwaro ba ta buƙatar dogon dahuwa, kauri gare ta tun asali. Matsalarta zaƙi. Sai an tsinka ta da ruwan tsamiya cokali biyu da ɗan citta, in ba haka ba ta gundire mai ci. Mangwaro mai zare kuwa sai an tace.

Ga agwagwa mai kitse sosai, lemo ya fi.