Ton na gwangwani: wanne ne kifi, wanne ne mai zalla?

Ranar da abin ya kai ni bango cikin azumi ne, saura kamar rabin awa a kira magariba. Na yanka salati da tumatir da albasar Galmi, na buɗe gwangwanin ton na juye cikin rariya don mai ya tsiyaye. Da man ya gama sauka, abin da ya rage bai wuce cokali huɗu ba, wani dagwalo ne mai ruwan toka kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Mu tara ne a gida. Ɗiyata ta leƙo ta ce, "Inna, ina kifin?" Sai da na tura yaro butik da gudu ya ƙaro biyu. Tun daga ranar nake aron ƙaramin sikelin maƙwabciyata mai yin kek, duk sabon ton da ya shigo gidan nan sai na tace shi na aza a kai.

Kafin ki tambayi kuɗi, juya gwangwanin ki duba lambobi biyu da ke jikinsa da Faransanci. Ta farko ita ce "poids net", nauyin duk abin da ke ciki, kifi da mai da ruwa. Ta biyu "poids net égoutté", nauyin kifin bayan an tace. Ita wannan ta biyun ce abincin da za ki ci. A gwangwani mai giram 160, galibi za ki ga an rubuta 112 a ta biyu, wato giram 48 mai ne. Ba laifi, an faɗa miki gaskiya. Wanda ya rubuta ta farko da manyan baƙaƙe bai rubuta ta biyu ba, ni dai ajiye shi nake yi ko da mai butik ya rage mini dala ashirin.

Zaɓina shi ne wanda aka rubuta wa "thon entier", ton dunƙule cikin mai. Idan kin cire marfin, tsokar kifi za ki gani an yanka ta daidai faɗin gwangwanin, ta cika shi daga baki zuwa baki, har kina ganin layin naman. Cokali mai yatsu kike sa wa ki ɓanɓare shi da kanki. Babu inda za a ɓoye ha'inci a irin wannan, domin dunƙulen nama ba ya shan mai kamar soso, abin da kika tace shi ne abin da kika saya. Cikin duk waɗanda na auna, shi ne ya fi tsayawa kusa da lambar da ke jikinsa. Cikin salati ba ya narkewa, kowa yana ganin rabonsa a faranti. Cikin burodin safe na ƴan lakwal, gwangwani ɗaya da ƙwai biyu da albasa yana isar yara huɗu. Man ma ba na zubarwa, da shi nake soya albasar taliya. Na fi natsuwa da wanda aka rubuta inda aka yi shi sarai: Abijan da Dakar da Tema ta Gana duk suna da masana'antun ton na gwangwani, Tailan kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Ya fi tsada a ido, na sani. To yi lissafi: a ce dunƙule jika guda ne, wato sefa 1000, kika samu giram 112, kowane giram ya kama kusan sefa 9. A ce marmashi sefa 800 ne, kika tace kika samu giram 80, kowane giram ya kama sefa 10. Araha ba ta ado, a nan ma ba arahar ba ce.

"Morceaux", mai gunduwa-gunduwa, ana iya maneji da shi idan dunƙule ya yanke. "Miettes" shi ne marmashin da ya ƙona ni cikin azumi, ban ƙara kallonsa ba. "Au naturel" mai ruwan gishiri na masu gudun maiƙo ne, a bakina ya cika bushewa. Sardin ɗin Maroko mai giram 125 yana da mutunci ɗaya, kina ƙirga kifin da idonki, amma ƙarninsa yana danne salati. Bandar tarwaɗa ta Tabalak kuwa ta miya ce, ba a haɗa ta da gwangwani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kaya ke ramewa a ɓoye. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kowa a Tawa ya san dalilin hawan farashi, kuma mun haƙura. Ƙarin kuɗi a fili yake, ki saya ko ki bari. Amma a bar kuɗi yadda yake a rage abin da ke ciki, wannan cin amana ne. Sandar burodi ta sirance, sabulu ya yi rami a tsakiya, ledar madara rabinta iska. Mai hatsi idan ya bubbuge gindin tiya ya rage mata ciki, kasuwa duka za ta yi masa ca. Kamfani kuwa sai ya sake zanen takarda kawai.

Ba mu kaɗai ake yi wa ba. A Amurka gwangwanin ton da a da yake kusan giram 200 ya yi ta raguwa har ya dawo kusan 142. A 2015 kamfanin StarKist ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 12, kuɗi da takardun karɓar kifi, don kashe ƙarar da masu saye suka shigar cewa gwangwanayensa ba su cika ba, ko da yake bai amsa laifi ba. A Faransa kuma, daga 1 ga Yulin 2024, doka ta tilasta wa manyan kantuna su liƙa sanarwa kusa da duk kayan da aka rage wa yawa kuɗinsa ya tashi, har tsawon wata biyu. Mu a nan sai dai ido da sikeli.

Ƙarancin kifi ma da sauƙi a kan gwangwanin da zai kwantar da gida. Kada ki sayi wanda marfinsa ko gindinsa ya kumbura, ko kyauta aka ba ki. Kumburi alama ce ta ƙwayoyin cuta na aiki a ciki, kuma gubar da wasunsu ke fitarwa tana kisa ba tare da ta canza warin kifin ba, don haka ɗanɗanawa ba gwaji ba ne. Wanda ya lotsa a bakin marfi ko ya yi tsatsa a ɗinki, shi ma bar shi, ta nan iska ke shiga. Duba ranar lalacewa a jikin ƙarfen, ki goga da babban yatsa. Idan tawadar ta biyo hannunki, ko kika ga an manna wata ƴar takarda a kan wurin, wani ne ya sake wa tsohon kaya haihuwa. Na taɓa ɓare irin wannan takardar a gaban mai kaya, ya rasa bakin magana. Ki kula da masu jera gwangwani a tebur cikin ranar Afrilu, ƙarfen ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Mai sayen katon kuma ta sa a buɗe a gabanta, don akan jera masu kyau a sama a cusa lotsattsu a ƙasa. In kin ci kika ji bakinki na ƙaiƙayi kamar an zuba tonka, fuska ta yi zafi, ki dakata ki nufi likita. Kifin ya daɗe cikin zafi kafin a rufe shi, kuma dafuwa ba ta kashe wannan.

Gwaji na ƙarshe a butik: kai gwangwanin kusa da kunne ki girgiza. Dunƙule shiru yake yi, ko ki ji ɗan motsi kaɗan. Wanda ya yi ta ƙara kamar gorar ruwa, mayar wa mai butik abinsa ki ce, "Malam, ba ni wancan na sama."