Taswirar bango, kundin taswira ko littafi: wanne za ka saya kan yaƙin Turkawa da Farisa?

Duk mai son fahimtar yaƙe-yaƙen Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba ta Sakkwato ba) da Daular Safawiyya ta Farisa, kafin ya zaro kuɗi daga aljihu, ya san abu guda: iyakar daulolin nan ta sha canzawa. Da wannan ake gane kayan kirki da na banza.

Taswirar bango ita ce mafi araha, kuma tana da kyau a aji. Matsalarta, shekara ɗaya tak take nunawa. Idan ka buɗe ta a shago, ɗora yatsa a kan Bagadaza da Tabriz (babban birnin Safawiyya na farko), sannan ka nemi shekarar da aka rubuta a ƙasa. In babu shekara, naɗe ta ka mayar. Sarki Sulaiman na Usmaniyya ya ci Bagadaza a 1534, Shah Abbas na Farisa ya ƙwace ta, sannan Sarki Murad na Huɗu na Usmaniyya ya sake karɓe ta a 1638. To, wace Bagadazar ce aka zana maka? In ma dole sai ta bango, nemi ta yarjejeniyar Zuhab ta 1639, don a kanta iyakar ta daɗe.

Ni kam kundin taswira nake ba da shawara, ko da ya fi tsada. Mai kyau zai fara daga yaƙin Chaldiran a 1514, inda igwa da bindigogin Sarki Salim na Usmaniyya suka tarwatsa mahayan Shah Isma'il na Farisa. Ka buɗe shafi na gaba ka ga sulhun Amasya na 1555, Iraƙi a hannun Turkawa, Tabriz a hannun Farisa, Jojiya da Armeniya an raba su biyu. Wani shafin kuma 1590, Tabriz ta koma launin Turkawa, sai 1603 ta sake dawowa hannun Farisa. Da ido za ka gane dalilin da ya sa sarakunan Safawiyya suka janye fadarsu daga Tabriz zuwa Kazwin, daga baya Isfahan: ba wanda zai kwana da barci alhali abokin gaba na bakin ƙofa. Duba kuma ko an nuna tsaunukan Zagros da ke tsakanin Iraƙi da Farisa, da Najaf da Karbala, garuruwa masu tsarki ga 'yan Shi'a, domin in babu su rabin labarin ya ɓace.

Littafin tarihi zalla kuwa, a yi hattara. Da yawa daga gefe ɗaya suke kallo, ko daga Istanbul ko daga Isfahan, wasu kuma su mayar da komai rikicin Sunna da Shi'a, su manta da siliki da hanyoyin fatauci. Gwajina mai sauƙi ne: juya zuwa jerin sunaye na ƙarshen littafin, ka nemi Kurdawa da garin Julfa, wanda Shah Abbas ya kwashe Armeniyawansa a 1604 ya kai su Isfahan. Mutanen iyaka su suka sha wahalar yaƙin nan, kuma littafin da ya tsallake su ba na sayensa.

In ta intanet za ka saya, ka ce mai sayarwa ya turo maka hoton shafi biyu na ciki. An taɓa aiko mini da kundin da aka buga baƙi da fari, launin daulolin biyu ya zama toka iri ɗaya, ko Tabriz ban iya rarrabe ta wa ce ba.