CrystalDiskInfo: Likitan Hadis Na Kyauta

Kwamfuta ta fara nauyi, fayiloli na ƙin buɗewa? Kafin a zargi Windows, a gwada CrystalDiskInfo. Manhajar tana karanta bayanan S.M.A.R.T., wato rahoton lafiya da hadis (hard disk, faifan ajiyar kwamfuta) ke ajiyewa game da kansa, ta nuna shuɗi idan lafiya, ruwan ɗorawa idan akwai alamar ciwo, ja idan abu ya lalace.

Amma kada launi ya ruɗe ka. A jerin da manhajar ke nunawa, duba layin 05, C5 da C6, masu ƙidaya sassan faifan da suka samu matsala. Idan adadin C5 yana ƙaruwa kullum, sassan faifan ne ke mutuwa. Kwashe fayilolinka zuwa wani faifan yau.

Raunin ta: ba ta jin ƙara. Hadis mai ƙas-ƙas kan iya nuna shuɗi. Wannan kashe shi kawai, kar ka sa masa chkdsk (umarnin Windows na duba faifai da gyara shi), wahalar karatun ƙara rauni take. Wasu akwatunan USB da ake saka hadis a ciki ma ba sa bari ta ga bayanansa.